Kafin Ki Yarda A Cire Wa Motarki Tamostat

 

Wannan makon na ajiye maganar riga-kafi da abincin yaye, gareji za mu leƙa. Na san wata za ta ce me ya haɗa nas da inji. Ma'aunin zafi ne ya haɗa mu. Ban da haka, da yawa daga cikinmu yanzu mu ke kai yara makaranta mu ɗauko su, wadda ba ta tuƙi kuwa ita ce zaune a baya da jariri ranar da motar ta tsaya a bakin titi tana tururi. Kuɗin gyara kuma daga aljihun da kuɗin cefane ke fitowa shi ma yake fita. To kin ga maganar ta shafe mu.

Akwai wani zance da kusan duk mai mota a ƙasar nan ya taɓa ji daga bakin bakanike, musamman idan motar 'yar Kwatano ce da aka sayo kwanan nan: "Hajiya, wannan abin na ƙasar sanyi ne, mu nan ba ma buƙatarsa." Sai ya zaro wani ɗan ƙarfe mai sifirin a jiki, ya nuna miki, ya jefar gefe. Wani ma zai ƙara da haɗa fanka kai tsaye, ta yadda da an tayar da mota za ta kama juyawa har sai an kashe. Wannan ɗan ƙarfen shi ne tamostat, kuma roƙona gare ki yau shi ne kada ki yarda a raba motarki da shi.

Bari mu fara da aikinsa. Inji yana ƙona fetur ne, ƙonawa kuwa tana haifar da zafi mai yawa. Don haka aka yi wa jikin injin hanyoyi da ruwa ke zagayawa, famfo yana tura shi, ya kwashi zafin ya kai lagireto, iska ta huce shi, ya komo. Tamostat ƙofa ce a kan wannan hanya, yawanci a daidai inda babban tiyon lagireto ya haɗu da inji. Bai fi ƙwan kaza girma ba sosai. A cikinsa akwai wani irin kaki, ɗan'uwan na kyandir. Idan inji yana da sanyi kakin a daskare yake, ƙofar a rufe, ruwan yana ta zagaye cikin injin kaɗai don ya yi saurin ɗumi. Da zafi ya kai inda aka tsara, kakin ya narke ya kumbura, ya tura ƙofar ta buɗe, ruwa ya wuce lagireto. Zafi ya ragu, ƙofar ta ɗan ja baya. Haka yake yi duk tsawon tafiya, buɗe kaɗan, rufe kaɗan, ba tare da kin sani ba.

A jikin kowane tamostat an buga lamba. Za ki ga 78, ko 82, ko 88, wani lokaci 90 da 'yan kai. Wannan lambar ita ce digirin da yake fara buɗewa, sai zafi ya ƙaru da kamar digiri 10 zuwa 15 sannan ya buɗe gaba ɗaya. Yawancin motocin Toyota da muke hawa 82 ne nasu, Honda da yawa 78, wasu motocin Turai da na Amurka kuma sun fi haka. Idan kika ga 180 ko 195 kada gabanki ya faɗi, lissafin Amurkawa ne na Faranhait. 180 shi ne 82 a namu, 195 kuma ya kama 90 da ɗan ɗoriya. Irin abin nan ne da ke faruwa idan uwa ta sa wa yaro ma'aunin zafi ya nuna 98.6 ta rugo asibiti a firgice, alhali 37 ke nan, lafiyarsa lau.

Tun da na ambaci 37, bari in tsaya a nan kaɗan, don a nan ne nas ta fi bakanike saurin gane abin. Allah ya halicci jikinmu da zafin da yake aiki a kai, tsakanin 36.5 da 37.5. Ya haura 38, mu ce zazzaɓi. Wannan kowace uwa ta sani. Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne ɗaya ɓangaren. A ɗakin haihuwa, ko a tsakiyar watan Afrilu ne, da jariri ya faɗo muke goge shi, mu ɗora shi a ƙirjin uwarsa, mu rufe shi, mu sa masa hula. Idan zafinsa ya sauka ƙasa da 36.5 hankalinmu tashi yake yi, don jaririn da ya yi sanyi yakan kasa shan nono, ya ƙone ɗan sukarin da ke jikinsa wajen neman ɗumi. Ba wanda zai ce ai garin da zafi, a bar shi tsirara ƙarƙashin fanka. Lafiya tana wurin daidaito, kuma a ƙwaƙwalwarmu akwai sashen da aikinsa ke nan, ya sa mu gumi idan zafi ya yi yawa, ya sa mu karkarwa idan sanyi ya kama mu.

Inji ma yana da nasa 37 ɗin, sai dai nasa ya yi sama sosai. Yawancin motocin zamani suna jin daɗin aiki ne idan ruwansu yana tsakanin digiri 85 da 100, wasu ma har su ɗan haura 100 a cikin cunkoso kafin fanka ta sauko da shi, kuma ba matsala ba ce. To ki auna da zafin garinmu. Ranar da Sakkwato ko Maiduguri suka kai 43, kowa yana neman inuwa, a wurin inji wannan kusan rabin abin da yake so ne kawai. Balle safiyar hunturu a Kano ko Jos, lokacin da muke fita da yara cikin rigunan sanyi. Duk ƙasar da mota take, da safe injinta a sanyaye yake, kuma yana buƙatar abin da zai kai shi zafinsa da wuri ya riƙe shi a can. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai, inda zafi bai gaza namu ba, da tamostat ɗinsu suke fitowa daga kamfani. Da a ce na ƙasar sanyi ne da su aka fara cire wa.

Me ke faruwa idan babu shi? Ba ranar za ki gani ba, shi ya sa maganar bakanike take kama da gaskiya. Allura ta sauka ƙasa, kowa ya yi murna, a ce mota ta yi sanyi. Amma kwamfutar motar tana da na'urar da ke gaya mata zafin ruwa, kuma an tsara ta ne ta ƙara wa inji fetur muddin yana da sanyi. Injin da ba ya kai zafinsa kullum a matsayin wanda aka tayar yanzu yake, sai ta yi ta zuba masa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba sai na gaya miki abin da ƙarin shan mai yake nufi ga gida ba. Fetur ɗin da bai ƙone ba wani ya bi salansa, wani ya baƙanta fulogi, wani ya zurara ya gauraya da baƙin mai ya tsinka shi. Akwai kuma danshi da ƙonawa ke haifarwa, wanda zafi ne ke kore shi daga cikin baƙin mai. Idan zafin bai samu ba sai ya zauna, a hankali man ya koma wani abu mai kauri kamar kwalta, ya toshe ƙananan hanyoyi. Ƙarafan cikin inji su ma an auna su ne don su zauna daidai bayan sun yi zafi sun ɗan buɗe, a sanyi cin juna suke yi. Bayan shekara ɗaya ko biyu mota ta fara shan baƙin mai tana hayaƙi, a ce ai dama injin ya gaji. Ba mai tuna ɗan ƙarfen da aka jefar.

Wani abin da zai ba ki mamaki, a wasu injina cire shi yana iya jawo zafin da ake gudu. Irin waɗannan tamostat ɗinsu aiki biyu yake yi: yana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda yana toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji. Idan babu shi wani kaso na ruwan sai ya riƙa bin gajeriyar hanyar, bai je ya huce ba.

Ba na son in zalunci makanikai, don maganarsu tana da tushe. Tamostat yana lalacewa, kuma idan ya maƙale a rufe ruwa ba zai je lagireto ba sam, cikin 'yan mintuna allura ta kai ja. Bakanike da ya ga haka sau da yawa, ya kuma sha sayo sabo a kasuwa ya tarar jabu ne, dole ya tsani abin. Idan a kan hanya ne, tsakanin gari da gari, ga yara a mota ga dare yana yi, a cire shi a lallaɓa a isa gida, wannan dabara ce mai kyau. Inda na saɓa da su shi ne a mayar da dabarar rana ɗaya ta zama ta dindindin. Kuma tsofaffin motocin da iyayengidansu suka koyi aiki a kansu ba su da kwamfuta, sun fi jure irin wannan. Na yanzu ba haka suke ba.

Sau da yawa ma tamostat ɗin ba shi da laifi. Zafin mota alama ce, kamar zazzaɓi a jikin yaro. Uwa ta zo ta ce min kwana uku tana ba shi farasitamol, zafin ya sauka ya dawo. Ai dole ya dawo, tunda ba a duba jini an ga ko maleriya ce ko wani abu ba. Haka motar da ke zafi. Wataƙila lagireto ya toshe da tsatsa a ciki, ko ƙura da ledoji sun like gabansa. Wataƙila fanka ta mutu ko tana juyawa da rauni, ko famfon ruwa ya cinye, ko akwai inda ruwa ke yoyo, ko murfin lagireto ya saki, ko gaskit ɗin kan inji ya ƙone. Cire tamostat yakan ɓoye ciwon na ɗan lokaci, har ranar da kika shiga cunkoso da esi a kunne.

Yanzu ga maganar zaɓi, idan ta tabbata naki ya lalace ko kuma kin gano dama an daɗe da cire shi. Ki sayi mai lambar da kamfanin motar ya sa, shi ke nan. Lambar tana jikin tsohon, mai sayar da kayan gyara na ƙwarai kuma zai iya nemo ta da lambar jikin motar. Za a iya kawo miki shawarar wai a sa mai ƙaramar lamba, kamar 71, tunda garinmu da zafi. Kada ki karɓa. Lambar tana faɗin lokacin da ƙofa za ta fara buɗewa ne kawai. Idan zafi ya kai 95, da mai 71 da mai 82 duk a wangale suke, babu wanda ya fi wani wucewar ruwa. Daga nan aikin lagireto ne da fanka. Abin da ƙaramar lamba za ta ƙara miki shi ne injin ya riƙa zama a sanyi a kan doguwar hanya, wato kin sayi rabin matsalar cirewa da kuɗinki. Mai babbar lamba fiye da ta kamfani shi ma ba dabara ba ce.

Ki nemi na asali ko na kamfanin da aka sani, ko da ya fi tsada, don kuɗinsa bai kama ƙafar na sauke inji ba. A sa shi da sabuwar roba ko gaskit ɗinsa. Idan yana da wani ɗan ƙaramin rami mai ƙwayar ƙarfe a gefe, a yawancin motoci sama yake kallo, ta nan iska ke fita. Bayan an gama a tabbatar an fitar da iskar da ta shiga hanyar ruwa, in ba haka ba allura za ta yi ta hawa da sauka. Fanka kuma a mayar da ita kan na'urarta, ta riƙa tashi idan ana buƙatarta ta tsaya idan an gama.

Kina iya gwada shi da kanki a kicin, kuma wannan gwajin ya fi gardama da kowa. Ki sami tsohon gwangwani, ba tukunyar girki ba, ki zuba ruwa, ki ɗaura wa tamostat ɗin zare ki saka shi ciki kada ya taɓa gindin gwangwanin, ki ɗora a wuta. Lafiyayye zai kasance a rufe da farko, ya fara buɗe baki tun ruwan bai tafasa ba, ya gama buɗewa wajen tafasa, idan kika ciro shi ya huce ya koma ya rufe. Wanda ya ƙi buɗewa har ruwa ya tafasa ya mutu. Wanda kika same shi a buɗe tun yana sanyi shi ma ya mutu. Sabo ma a gwada shi kafin a ɗaura, don gudun jabu.

Abin da ya fi kashe tamostat da lagireto a wajenmu ruwan da muke zubawa ne. Ki duba cikin butar da kike dafa ruwan rijiya ko na burtsatse, ki ga farin abin nan da ke kamawa. Shi ne yake kama cikin inji, ga tsatsa a kai. Ruwan lagireto na kanti, wanda ake kira kulant, yana da maganin tsatsa, kuma ya fi ruwa zalla jinkirin tafasa. Shi ma za ki ji an ce na ƙasar ƙanƙara ne. Hana daskarewa ɗaya ne kawai daga cikin ayyukansa.

Amma a nan dole in sa hular aikina. Yawancin kulant ana yin sa da wani sinadari mai guba, ga zaƙi a baki, ga launi mai jan ido, kore ko ja kamar zoɓo. Kada a taɓa juye ragowarsa a robar lemo ko ta ruwan sha, kada a bar shi a but ɗin mota ko bayan ƙofa inda yaro zai kai hannu. Idan yaro ya sha, ko kurɓa ɗaya ce, a tafi asibiti nan take tare da robar, ko da yana wasansa kamar ba abin da ya faru, don illar da yake wa ƙoda sai daga baya take bayyana. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a tsaya ba shi manja ko madara.

Sai allurar da ke gabanki. Harafin C sanyi ne, H zafi. A lafiyayyar mota allurar takan tashi cikin minti 5 zuwa 10 na tafiya, ta tsaya a tsakiya ko ƙasa da tsakiya kaɗan, ta zauna a nan ko kina gudu ko kina cikin cunkoso. Wannan tsakiyar ita ce lafiya, kada wani ya tsorata ki da ita. Wasu motocin ba su da allura, fitila ce: shuɗiya idan inji bai ɗumama ba, ja idan ya yi zafi. Idan kika tashi daga Kano har Wudil allura tana kwance kusa da C, ko kuma tana hawa a cikin gari ta faɗi a kan babbar hanya, to ko an cire tamostat ko ya maƙale a buɗe. Ki saba kallonta kamar yadda kike taɓa goshin yaro.

Ranar da ta nufi ja kuwa, ki kashe esi, ki nemi wuri ki tsaya, ki kashe motar. Kada ki ce bari in ƙarasa, saura kaɗan. Wannan 'yar ƙarasawar ce take ƙona gaskit. Ki fito da yara ki kai su inuwa nesa da titi, kada a bar kowa a cikin mota a rufe. Sannan, don Allah, kada kowa ya taɓa murfin lagireto. An yi murfin ne ya danne ruwan da ƙarfi, shi ya sa yake iya wuce digiri 100 bai tafasa ba, har wajen 120. Da an murɗa shi dannewar ta tafi, ruwan ya tafasa a lokaci guda ya yi tsiri sama. A wurin aiki na wanke irin wannan ƙunar ba sau ɗaya ba, kuma kusan kullum wuri ɗaya ne: hannun dama, ƙirji, gefen fuska. Sau da yawa ma ba mai motar ba ne, wani bawan Allah ne da ya zo taimako da tsumma a hannu. A jira aƙalla rabin awa, sai babban tiyo ya huce har ana iya riƙe shi ya kuma yi laushi. Kada a kwara wa inji mai zafi ruwan sanyi, ƙarfe yana iya tsagewa.

Idan tsautsayi ya riga ya faru, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na minti 20, da famfo, da buta, ko da fiya wata idan a hanya ne. Ban da ƙanƙara. A cire zobe da agogo da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a shafa man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko manja, ko baƙin mai, duk sai mun kankare su kafin mu fara aiki, kuma mai ciwon ne ke shan azabar. Kada a fasa ƙurajen ruwan da suka taso. A rufe da ƙyalle mai tsabta. Ƙunar da ta taɓa fuska ko hannu, ko ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko kuma yaro ne ya ƙone, ta asibiti ce.

Na san ba kowace ce za ta iya tsayawa a gareji tana musu da bakanike ba, wata ma motar a hannun maigida ko direba take. Ba sai an yi musu ba. Tambaya ce cikin girmamawa: "Malam, tamostat ɗin yana ciki? In ya lalace a ba ni shi in gani, a sa wani mai lambarsa. Sannan a duba min abin da ya sa take zafi." Bakanike na ƙwarai ba zai ji haushi ba. Maigida kuma ki tura masa wannan rubutun ta WhatsApp ya karanta da kansa, ya fi ki ce masa wata nas ce ta faɗa.

Wadda ta duba ta tarar an cire nata, ta rubuto mana a ƙasa wace irin mota ce da kuma inda allurarta take tsayawa. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan ƙurajen zafi a jikin jarirai, don tambayoyinku a kai sun taru.